Kabewar da Ta Fita Ba Takarda

Duk wanda ya taɓa zuwa neman aiki ko kai kaya a kamfanin sabulun da ke bayan tasha ya san Baba Ina-Zuwa. Ba lallai ya san fuskarsa ba, don hular kaki kullum tana rufe masa rabin goshi, amma ya san muryar. Shi ne maigadin babban get. Tun gashinsa yana baƙi yake ɗaga ƙarfen tare hanya yana saukewa, har gashin ya yi fari, ya gaji, ya fara tafiya da kansa. Kalma biyu ya fi furtawa a duniya, su ne kuma suka cinye sunansa na gaskiya. An ce ranar da aka kawo sabon manaja, Baba ya tsayar da motarsa, ya leƙa ta taga ya ce, "Ina zuwa?" Mutumin ya ce ai shi ne mai wurin. Baba ya ce madalla, a buɗe but ɗin mota.

Ilmin aikinsa ba shi da yawa, amma ba ya motsi. Wanda ya shigo da kaya ya fita hannu wofi, mai kawo kaya ne. Wanda ya shigo hannu wofi ya fita hannu wofi, baƙo ne. Wanda kuwa ya shigo hannu wofi ya fita da kaya ba takarda, wannan ba sai an faɗi sunansa ba. Da wannan ilmin ya ci abinci, ya raini 'ya'ya, ya gina gidansa mai ɗaki uku a layinmu. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da katan ɗin sabulu, aka karɓe hular. Usur ɗinsa dai ba wanda ya tuna ya tambaya, shi ma bai tuna musu ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da sassafe yakan fito da benci ya kafa a bakin ƙofa, kuma ba a daɗe ba matarsa, wadda duk layi ke kira Inna, ta fara rasa baƙi. Abin ya zo mata wuya ranar da ya tare wata ƙawarta ya buɗe murfin kwanon da ke hannunta.

"Malam, ƙawata ce fa. Tun kafin a haifi yaran nan take shigowa gidan nan."

"Na sani, Innarsu. Amma da ta shigo da hannu ɗaya ta riƙe kwanon. Da za ta fita, da hannu biyu."

"To ni na zuba mata."

"Da kin sanar da bakin ƙofa."

A ranar Inna ta ɗauki bencin da kanta, ta ratsa tsakar gida, ta dire shi a bayan kicin. Akwai wani ɗan fili siriri a wurin, tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabcinsu Tela. Ba komai a ciki sai igiyar shanya, fasasshen baho, da tsoffin tayoyin babur. Ta ce ga wuri nan, ya yi gadinsa, ko ya shuka wani abu, ko ya ƙirga tururuwa, shi ya sani.

Sai dai filin yana da mai so. Babban ɗansu bakanike ne, yana gyaran babura a bakin titi, kuma ya daɗe yana son a malale wurin da siminti, a kafa rumfar kwano, ya riƙa ajiye baburan mutane da ba a gama gyarawa ba. Da ya ji an ba tsoho filin, ya zo ya tsaya yana goge hannu da tsumma.

"Inna, Baba ko albasa bai taɓa shukawa ba."

"Kai ma ba a haife ka da sufana a hannu ba," in ji Baba.

Inna ce ta raba gardamar, kamar yadda ta saba. Tana cikin yanka kabewa, sai ta kwashe 'ya'yan da cokali ta zuba wa mijinta a tafin hannu. Ta ce idan kafin ruwan bana ya ɗauke ya kawo mata kabewa guda ɗaya daga filin nan ta sa a tukunya, fili nasa ne har abada. In bai kawo ba, a zuba siminti, shi kuma ya koma kallon agogonsa na bango. Amma bakin ƙofa, ya yi sallama da shi.

Baba ya kwashe tayoyi, ya sassaƙe ƙasa da aron fartanya, ya binne irin. Suka tsiro. Ya zauna a benci da usur a wuya, ya fara gadi. A nan ne duniya ta rikice masa.

Bai taɓa sanin bayan kicin ɗinsa ya fi get ɗin kamfani zirga-zirga ba. Kuma babu wanda yake bi ta ƙofa. Wasu ta sama suke zuwa, wasu ta kan katanga, wasu daga cikin ƙasa suke ɓullowa kamar da ma a nan suka kwana. Wani jan ƙadangare yakan sauko da hantsi ya tsaya a gabansa yana gyaɗa kai. Baba ya ji daɗin wannan, ya ce aƙalla akwai mai tarbiyya, har yakan amsa gaisuwar. Rannan yana kallo ƙadangaren ya cafke wani abu daga kan ganye ya haɗiye. Baba ya kai usur baki, sai ya tsaya. Abin da aka haɗiye, kayan wurin ne ko shi ma baƙo ne? Idan baƙo ya cinye baƙo, wa za a kama?

Kurciyoyi biyu suna sauka su yi ta kai da komo kamar masu duba gini, su tashi da tsinke a baki. Wannan sata ce ƙarara, amma tsinken shara ne, sai ya bar su da gargaɗi. Hawainiya ta shigo da koren kaki, kafin ta kai kan katanga ta koma ruwan toka, abin da ko a kamfani ba a taɓa yi masa ba. Ƙoƙi-ƙoƙi ya same shi a kan ganye ya haɗa hannu biyu kamar mai neman afuwa. Baba ya tausaya masa. Bai rufe baki ba ya ga hannayen nan sun damƙi fara.

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne kwaɗo. Wani ƙato ne, yana zaune ƙarƙashin fasasshen bahon nan, ba ya kawo komai, ba ya ɗaukar komai, ba ya gaisuwa. Baba ya tsani mai zama ba dalili a wurin aiki. Ya kwashe shi a shebur, ya ratsa tsakar gida, ya kai shi har bakin titi. Washegari ya ɗaga baho, ga shi nan yana lumshe ido. Ya sake fitar da shi, ya rufe ƙofar bayan kicin da sakata. Gari ya waye, ga kwaɗo.

"Innarsu, ke kike buɗe masa?"

"Wa?"

"Kwaɗon."

Inna ta dube shi, ta dubi tukunyarta, ta ci gaba da abin da take yi.

Kabewa kuwa ba ta damu da duk wannan ba. Ta yi yaɗo ta rufe filin, ganye fala-fala kamar faifai, har Inna ta ɗauke igiyar shanyarta. Sai ta fara fure, manya, rawaya. Baba ya lura suna buɗewa da sassafe, su rufe kafin rana ta take, ya ce waɗannan sun san lokacin aiki. Ya kuma lura iri biyu ne. Wasu a kan dogon tsinke suke, ba komai a bayansu. Wasu kuwa akwai ɗan ƙwallo kore a gindinsu, kamar ƙwan tsuntsu. Ya durƙusa ya duba da kyau, ya gane 'yar kabewa ce. Ya kira Inna ta gani. Ya kira bakanike, shi ya ce yana sauri.

Furen kuma suka zo da nasu baƙin. Ƙudan zuma.

Baba bai yanke musu hukunci da ka ba, wannan kowa zai shaide shi. Ya matso da benci, ya sa tabarau, ya bi guda ɗaya da ido tun daga kan katanga. Ta shigo fes, ba komai a jikinta. Ta faɗa cikin fure, ta yi ta birgima kamar mai neman abin da ta ajiye. Da ta fito, ƙafafunta na baya ɗauke da wani gari rawaya, dam, har tashi yake mata wuya. Ta faɗa fure na gaba, ta sake fitowa, ta haye katanga ta tafi. Ya bi ta biyu, haka. Ta uku, haka.

A karon farko tun da ya shigo filin nan, Baba ya ji ƙasa ta tsaya a ƙarƙashin ƙafarsa. Hannu wofi suka shigo, da kaya suka fita, ba takarda. Ya busa usur. Ba wadda ta waiwayo.

Tela ne ya leƙo ta kan katanga, da tef a wuya. Sa'an Baba ne, kuma tun da suka zama maƙwabta ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ba su kuma taɓa yini ba su yi hira ba.

"Maigadi, lafiya? An shigo da mota ne?"

"Ɓarayi, Tela. Da rana tsaka. Suna kwashe cikin furen."

"To ka rubuta lambarsu."

"Ka bar wasa. Kekenka yana iya ɗinka gidan sauro?"

Yana iyawa. Baba ya kwance gidan sauron ɗakin baƙi, ya zaƙulo tsoffin na yara daga cikin akwati, da bai isa ba ya haɗa da na gadon Inna, da niyyar zai yi mata bayani. Tela ya haɗe su wuri guda yana dariya har allura ta kusa cin yatsansa. Aka kafa sanduna, aka lulluɓe filin gaba ɗaya, Baba ya bi gefe-gefe ya danne da duwatsu. Ya bar ƙofa ɗaya, ya ajiye bencinsa a bakinta. Ƙudan zuma suka zo da safe suka yi ta karo da raga, suka gaji suka tafi. Baba ya ce wa Inna tun da ya bar aiki bai taɓa jin daɗin shayi irin na ranar ba. Inna tana sosa hannu ta ce ita ma tun da ta yi aure sauro bai taɓa jin daɗinta irin na jiya ba.

Fure ya ci gaba da buɗewa a cikin raga, ba mai taɓa shi. Sai 'yar kabewa ta farko ta daina girma. Ta yi rawaya, ta yi laushi, ta faɗi. Ta biyu ta bi ta. Baba ya ƙara ruwa, suka faɗi. Ya rage ruwa, suka faɗi. Ya samo taki wurin mai awaki, ganye ya ƙara faɗi, 'ya'ya suka ci gaba da zubewa. Kowace safiya yakan tsince su ya jera a kan benci, ya zauna yana kallonsu.

Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, get a rufe yake. Ya bi raga taki-taki bai ga ɓula ba. A kamfani kuwa, idan get a rufe kuma kaya suna ɓacewa a sito, magana ɗaya ce: ɓarawon na ciki ne.

Ya fara da tururuwa. Ya bi layinsu ya ga ba abin da suke ɗauka sai mushen ƙwari. Ya koma kan tana, ya tono guda ɗaya ya duba, bai ma gane ina ne bakinta ba. Ya ɗaga baho, ga kwaɗo, cikin raga, bayan shi da hannunsa ya fitar da shi kafin a lulluɓe. Suka daɗe suna kallon juna. Baba ya mayar da bahon a hankali, ya fito, ya zauna, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Daga nan bincike ya shiga cikin gida.

"Innarsu, ruwan wanke-wanke ina kike zubarwa?"

"Inda na saba."

"Ba kya ɗan leƙawa wajen shukar in na tafi masallaci?"

"In yi me? In karɓo gidan saurona?"

Bakanike ma bai tsira ba. Baba ya tare shi a tsakar gida ya ce ya nuna tafin hannunsa, ya shinshina ko zai ji warin fetur irin wanda zai iya kashe shuka. Ya ji warin fetur, mana. Yaron tun yana ɗan makaranta warin fetur yake yi.

"Baba, wallahi ban taɓa shukarka ba. Ni jira kawai nake."

Kuma jiran yake. Ruwa ya fara ja da baya, sai a yi kwanaki ba a ga hadari ba. Wata safiya motar yashi ta juye kaya a ƙofar gidan. Bakanike ya ce ba gaggawa yake ba, ya dai samu da sauƙi ne. Baba ya tsaya gaban tulin yashin, a karon farko a rayuwarsa kaya sun iso ƙofarsa bai tambayi ina zuwa ba. Ya sani.

Kwanakin nan ya rage magana. Yakan zauna a bakin ragar, ƙadangare ya sauko ya gyaɗa masa kai, shi ko amsawa ba ya yi. Ganye ya fara yin fari-fari a gefe. Inna ta lura ba ya cinye abincinsa, ta daina zancen sauro.

Ana haka, da hantsi, kan Tela ya ɓullo a kan katanga.

"Maigadi, zo ka kwashe kayanka daga gidana."

"Wane kaya?"

"Zagayo dai. Ka zo da ƙarfinka."

Kazar matar Tela ce ta ɓata, aka shiga nemanta a lungun bayan akurki, inda ciyawa ta yi tsawo kuma Tela ke watsa ƙyallayen da suka ƙi amfani. An ga kazar tana kwance kan ƙwai. A gefenta kuma ga kabewa, ƙatuwa, ta fi tukunyar Inna girma, ta fara yin ja. Yaɗon ya haye akurkin, da fure a kai, ƙudan zuma suna shige da fice yadda suka ga dama.

Baba ya durƙusa, ya kama yaɗon ya bi shi da hannu har gindin katanga. Can ƙasa akwai rariya, 'yar kafar da ruwan wanki ke bi ya fita, wadda ganye ya rufe ta daga ɓangarensa tun farkon damina. Ta nan yaɗon ya fito. Yana cikin leƙawa, wani abu ya motsa a cikin ramin, ya lumshe masa ido.

Ya daɗe a durƙushe. Shekara da shekaru ko sabulu ɗaya bai taɓa wuce shi ba. Yau ga kaya mafi girma da aka taɓa ba shi amana sun fice ta ƙarƙashin bencinsa, sun yi wata da watanni a waje, bai sani ba. Kuma su kaɗai ne suka rayu.

"Tela, wa ya yi gadinta?"

"Kaza."

"Ɓarayin nan fa? Ga su nan a kanta."

Matar Tela, wadda ta tashi a gidan noma, ta ce ai ba ɓarayi ba ne. Garin da suke ɗauka daga fure mai tsinke, shi suke kai wa mai ƙwallo, in bai samu ba ba ya zama kabewa. Kowa ya san wannan.

"To me ya sa ba ki faɗa ba, ana ɗinka raga a gidanki?"

"Na ɗauka sauro ne ya dame ka, Baba."

Baba ya juya maganar a kansa. "Amma na ga sun haye katanga da shi. Da idona."

"Wannan nasu ne. Su ma suna da iyali."

"Wato mai kawo kaya ne."

"E."

"Kuma yana fita da kaya."

"E."

"Ba takarda."

Tela ya ce in ya ga dama ya buga musu kati, shi zai ɗinka musu kaki.

Labari ya riga su isa gida. Bakanike ya baro wurin aiki ya zo ya duba, ya ce shi ba ya ja da manya, amma Inna cewa ta yi daga filin nan, wannan kuwa a gidan Tela take, kowa ya gani. Tela ya ce in haka ne a bar masa abarsa. Baba a ransa ya san yaron yana da hujja. Ya yanke kabewar, ya rungume ta, ya fito titi, ya zagaya tulin yashi, ya nufi ƙofar gidansa, 'yan layi suna biye.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta tokare hannu ɗaya a jikin bango.

"Ina zuwa?"

Baba ya tsaya. Kabewar tana da nauyi. "Ciki."

"Wannan kayan daga ina?"

"Daga nan ne, Innarsu. Fita suka yi."

"Wa ke gadi da suka fita?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni."

Inna ta bar shi a tsaye, ta shiga bayan kicin, ta ɗage raga, ta laluba cikin ganye har ta kai ga rariya, ta biyo yaɗon baya har inda ya shiga ƙasa. Ta dawo tana kakkaɓe hannu. Ta ce wa ɗanta shi ma a bakin titi yake yini, amma ba wanda ya taɓa cewa ɗan titi ne, don an san inda gindinsa yake. Ta ce ya je ya nemi mai sayen yashi. Sannan ta juya ga mijinta ta ce kaya za su shiga, amma sai gidan sauronta ya koma kan gado kafin rana ta faɗi. Ta janye hannu.

Filin yana nan har yau, ba siminti. Bana har da tumatir da kuɓewa. Bakanike ya kama wata rumfa kusa da wurin aikinsa, kuma in an dafa kabewa shi ke fara miƙo kwano. Raga ta koma ɗakuna, ko da yake Tela bai iya raba ta daidai ba, na ɗakin baƙi ya fito da kusurwa biyar.

Baba yana nan a bencinsa. Kada wani ya ce ya gane, don bai gane ba. Kwanan baya na leƙa na same shi da tabarau, yana bin wata ƙudar zuma da ido. Ta fito daga fure, ƙafafu dam da gari, ta nufi katanga. Hannunsa ya tafi wajen usur, ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwa. Na ce Baba, yaya aiki? Ya ce aiki da wuya, don yanzu bai san wa zai tare ba, kuma bai san wa yake yi wa gadin ba. Saboda haka kowa ya shigo gaishe shi yake yi, ko da shi ne mai wurin.

Sai ya ɗan ɗaga fasasshen bahon da ƙafa, ya leƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"